Ba Kowane Fashi Ne Gudun Makaranta Ba

Kafin Allah ya nufe ni da shigowa wannan sashe, na yi shekara guda ina koyarwa a wata makarantar firamare ta ƙauye, bayan na fito daga kwalejin horon malamai. Aji biyar aka ba ni, aka kuma danƙa mini rajista, watau dogon littafin nan da ake kiran sunayen yara da shi safe da rana. Aikin ba shi da wuya. Wanda ya amsa a ja masa ɗan layi, wanda bai amsa ba a zana masa sifili. Ran Juma'a a haɗa jimla, hedimasta ya sa hannu, shi ke nan. Alamu biyu kaɗai aka koya mini, kuma da su na yi ta yanke wa 'ya'yan mutane hukunci har shekara ta zagayo.

A zango na uku, bayan an yi ruwan shuka, sai na ga yara biyu sun jera sifili na kwana biyar kowannensu. Da suka dawo ran Litinin na fito da su gaban aji na yi musu bulala daidai wa daida, don kada a ce na yi son kai. Sai daga baya na sami labarinsu. Na farkon, ashe kullum da safe yakan sa kayan makaranta ya fito, ya zarce tashar mota ya wuni cikin 'yan kamasho, in an tashi ya bi ayarin yara ya koma gida kamar daga aji yake. Na biyun kuwa, ubansa ya tafi ci-rani Kudu, ciwo ya kwantar da shi a can, ruwa ya sauka, uwar tana cikin kulle, shi ne kuma babban namiji a gidan, da shekararsa 12. Shi da ƙannensa biyu suka yi shukar gonar, yana sara da sungumi suna bin sa da iri. Bai gaya mini ba, domin ban tambaye shi ba. Na farkon ya gama firamare. Na biyun ya ƙara zuwa na 'yan kwanaki, daga nan ban sake ganinsa a aji ba.

Wannan al'amari ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, dokar da ta tilasta zuwa makaranta amma ba ta fayyace uzurin da za ta karɓa ba, doka ce gurguwa, kuma galibi wanda ya fi cancantar a taimaka masa shi take fara kora.

Tun da a sashen Hausa muke, bari mu fara da harshen kansa, domin Bahaushe ya riga hukuma rarrabe wannan abu. Akwai makara, watau an zo amma bayan lokaci. Akwai fashi, watau ba a zo ba sam. Malamanmu na tsarin sauti za su tuna mana cewa fashin nan dogon wasali gare shi a gaɓar farko, daga fasa yin abu ya fito, dabam yake da fashin 'yan fashi wanda ya fito daga fasa tukunya, ko da yake rubutun boko na yau da kullum ya haɗa su wuri guda. Kalmar fashi ba ta ɗora wa kowa laifi, labari kurum take bayarwa. Sai an bincika sa'an nan a ce ko dai an yi fashi bisa uzuri, ko kuma an yi gudun makaranta. A gudu akwai niyya da ɓoyo, yaro ya yaudari gida ya yaudari malam. A uzuri kuwa akwai lalura wadda mai hankali zai ji ya ce, ko ni ne haka zan yi. Rajistar da na riƙe ta tattara duk wannan ta zuba cikin sifili guda.

To, me dokar ƙasa ta ce? Shirin ba da ilmi na bai-ɗaya, wanda aka sani da UBE, an ƙaddamar da shi a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta wajabta wa kowace gwamnati ba da ilmi kyauta kuma tilas na shekara 9, watau 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Ta wajabta wa uba ya tura ɗansa ya kuma tabbata ya gama. Wanda ya saɓa, karo na farko a yi masa gargaɗi, karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata 1 ko duka biyu, bayan haka tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata 2 ko duka biyu. A 2023 ma an gabatar da ƙuduri a Majalisar Dattawa na ɗaga wannan tara, bisa hujjar cewa kuɗin ya yi kaɗan. Amma sashen da ya jera waɗannan hukunce-hukunce bai jera uzurori ba. Bai ce ga abin da za a yi da yaron da zazzaɓi ya kwantar ba, ko wanda rafi ya cika ya raba shi da makaranta. An bar wannan ga hedimasta, hedimasta ya bar wa malamin aji, malamin aji kuwa, irina, yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da bulala a hannu.

Abin mamaki shi ne, mutanen da muka aro wannan tsari daga gare su ba haka suka yi ba. Dokar ilmi ta Ingila ta 1870, wadda ta ba hukumomin makarantu ikon tilasta zuwa, a cikinta aka ambaci uzurin da za a karɓa: in yaro yana samun ingantaccen karatu ta wata hanya, in ciwo ko wata lalura da ba makawa ta hana shi, ko in babu makaranta kusa da gidansu, aka kuma ce nisan da za a ƙayyade kada ya wuce mil 3. Mun ɗauko tilas ɗin, mun baro uzurin a can.

Ba ma sai mun je Ingila ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san cewa shari'a ba ta wajabta abu ta yi shiru a kan uzurinsa. Sallar Juma'a wajiba ce, amma littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a ƙasar nan, kamar Muhtasar na Halil, sun lissafa abin da ke sauke ta, irin su ruwa mai ƙarfi da caɓi, da ciwo, da jinyar majinyacin da ba shi da kowa, da tsoron abin da zai sami mutum a hanya. Makarantar allo ita ma da nata tsarin. Ana hutun Alhamis da Juma'a. Yaron da ya gudu kuwa ba sifili ake zana masa a jira ƙarshen mako ba, a ranar malam zai tura manyan almajirai su nemo shi duk inda ya shiga, su ɗauko shi cak. Ba na yabon dukan da yakan biyo baya, amma a lura, makarantar ce ke bin yaro. Wanda ba shi da lafiya kuwa malam ya riga ya sani, domin uwar ta aiko. Daɗin daɗawa, tafiyar da malamai kan yi da almajirai a da, bayan an kawar da amfanin gona ake yin ta, a dawo gida in damina ta kusa. Karatun ya san da zaman gona, ya kauce mata.

Makarantar boko ce ba ta sani ba, kuma a nan nake so in daɗe. A dubi kalandar da mafi yawan jihohinmu ke bi. Zango na farko daga Satumba zuwa Disamba, na biyu daga Janairu zuwa wajen Afrilu, na uku daga nan zuwa Yuli, sai dogon hutu. A aza wannan bisa shekarar manomi a ƙasar Kano ko Katsina ko Zamfara. Ruwan shuka yakan kankama a wajen Yuni. Daga nan sai noman fari, sai maimai, duk a cikin Yuni da Yuli, lokacin da ko kwana uku manomi ya yi sake ciyawa ta cinye masa gero. A daidai wannan lokaci ne makaranta ke bita da jarrabawar ƙarin aji. Ana ba da dogon hutu sai marka ta shigo, aikin gaggawa ya lafa. Ana komawa a Satumba sai girbin gero, bayansa cirar gyaɗa da roron wake da girbin dawa, har wajen Nuwamba. Watannin rani kuwa, da yaron ƙauye ke zaune ba shi da aikin fari bare na baƙi, a cikinsu ake yanko wasu hutun. Wannan kalanda ta dace da ɗan ma'aikaci a birni. Ɗan manomi kuwa ta sa shi zaɓi tsakanin jarrabawa da tuwon baɗi, in ya zaɓi tuwo a kira shi magujin makaranta.

Kada a ce kalanda ba ta taɓuwa. A hannun jihohi take. A 2025 jihohin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun tsara hutunsu ya faɗa cikin watan azumi, aka yi ta muhawara a kai a jaridu. Ba wannan muhawara nake son tayarwa ba, abin da nake nunawa shi ne, in hukuma ta ga dama takan matsar da hutu. Haka kuma tun 1989 aka kafa hukumar ilmin makiyaya, bisa amincewa da cewa ɗan Fulani mai bin shanu ba zai iya bin tsarin ɗan gari ba. In an yarda da wannan ga makiyayi, mene ne laifin makarantun karkara su sami hutun mako biyu na shuka da noman fari, wanda ƙaramar hukuma za ta sanar in ruwa ya sauka, a rama kwanakin da rani?

Ranar kasuwa ma haka. A ƙauyen da na koyar kasuwa mako-mako take ci, kuma ranar rabin 'yan matan ajina ba sa zuwa, suna can da farantin talla. Kowa ya san haka, daga hedimasta har mai unguwa, shekara da shekaru, amma ba wanda ya taɓa cewa a fara karatu da sassafe ranar a tashi da hantsi. Mun gwammace mu rasa wunin duka da mu rasa rabinsa.

Akwai kuma fashin da makaranta da kanta take haddasawa, sa'an nan ta rubuta shi da sunan yaro. Ita dokar nan ta 2004 ta ce karatun kyauta ne, wanda kuma ya karɓi kuɗi za a ci shi tarar da ba ta wuce Naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyu. Duk da haka, wane ne cikinmu bai taɓa ganin an koro yara gida saboda kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ko kuɗin jarrabawa, ko rashin takalmi ba? Yaro ya zo da ƙafarsa, an mayar da shi daga bakin ƙofa, an zana masa sifili. Yunwa ma tana da nata kason. Da Jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a 2016, azuzuwa sun cika sun batse da yaran da ake cewa iyayensu ƙin boko suke yi. Ashe ƙwai guda da ɗan wake sun fi ƙarfin wannan ƙiyayya.

Sai babban abu, wanda kakanninmu ba su san shi ba. A Disamba 2020 an kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. A Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe, a watan Satumba na shekarar kuma Jihar Zamfara ta rufe makarantunta baki ɗaya na wani lokaci. A Maris 2024 aka shiga Kuriga ta Jihar Kaduna da safe, ana cikin taron asuba na makaranta, aka kora yara daji. Uban da ya ji ƙishin-ƙishin ɗin an ga baƙin babura a bayan gari ya hana 'yarsa fita, wane alƙali ne zai ci shi tarar Naira 2,000? In gwamnati ta rufe makaranta don tsoro sunansa matakin tsaro. Uba ma ya kamata a karɓi tsoronsa da wannan suna.

Na san abin da wasu 'yan'uwana za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce in aka buɗe ƙofar uzuri kowa zai shige ta. Za su tuna mana cewa tun da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, sai da ƙarfin hukuma boko ya shiga ƙasar nan. Tsofaffi suna ba da labarin zamanin En'e, yadda akan yanka wa hakimi adadin yaran da zai kawo, iyaye su ɓoye 'ya'yansu a rumbu, ko su tura su gabas da malam, dagaci ya cike gurbin da ɗan wanda ba shi da gata. Yaran nan da aka kama da kuka, da yawansu su ne suka zama malamai da alƙalai da manyan ma'aikata, 'ya'yan da aka ɓoye suka dawo suna cizon yatsa. Za su ce ko da shirin ilmin firamare kyauta na 1976, ga shi wata ƙididdigar UNICEF da aka daɗe ana ambata ta ce yara wajen miliyan 10.5 ba sa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa, saboda haka lokacin sassauci bai yi ba. Za su ƙara da cewa abin da nake kira uzuri, wani sunansa bautar da yara.

Na yarda da tilas, ban kuwa nemi a soke ta ba. Gudun makaranta abu ne na gaske, na ga mai yin sa da idona. Uban da ya cire 'yarsa daga aji shida don aure ba uzuri gare shi ba, haka wanda ya miƙa ɗansa kiwon wani na damina sukutum don a biya shi. Amma ta yaya za a gane waɗannan in alamarsu ɗaya da ta mai zazzaɓi? Rashin rarrabewa shi ne mafakar mai laifi, domin in sifili ya yi yawa a littafi ba mai sauran duba shi. Uzurin da aka ambata da suna, aka yanka masa iyaka, aka ce ga wanda za a gaya wa, shi ne ke tsananta doka, tun da duk abin da ya faɗa wajensa ya zama abin bincike. A ce ciwo, da rasuwa a gida, da yankewar hanya, da fargabar hari, da kwanaki kaza na shuka da girbi a shekara, waɗannan karɓaɓɓu ne. A ƙara alama ta uku a rajista dominsu. Kada kuma a ce sai da takardar likita a garin da ba ko ɗakin shan magani, ko sai da wasiƙar boko daga uban da bai yi boko ba. Baki ya isa, ko saƙon mai unguwa, ko 'yar takarda da ajami. Ɗalibin Hausa bai kamata ya ji kunyar neman a karɓi ajami a ofishin hedimasta ba.

Wani abu kuma da nake jin nauyin faɗa, amma tilas in faɗa, shi ne fashin malamai. Ni kaina a birni nake kwana a lokacin, ran Litinin ba na isa sai hantsi, ran Juma'a kuwa wani lokaci abokin aikina ke sa mini hannu a littafin malamai. Albashi in ya makara mukan yi kwanaki ba kuɗin mota. Muna da uzuri, kuma muna karɓar uzurin juna ba tare da wani ya tambaya ba. Yaran da suka tako mil biyu suka tarar da aji ba malam, suka wuni suna wasan langa, ba su da rajistar da za su zana mana sifili. Uban da ya ga haka sau uku, in ya ce gobe a wuce gona, lissafi ya yi.

Ina roƙon malamaina gafara in kawo maganar gida. A jami'o'inmu da yawa ƙa'ida ita ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin ya zauna jarrabawa. Ƙa'ida ce mai kyau, amma kowa ya san yadda takardar sa hannu ke yawo a aji, mutum ashirin su haifar da suna talatin. Mai abokai ya tsira, ita kuwa matar auren da ta haihu a tsakiyar zango, ko wanda ya koma ƙauye mako guda ya girbe abin da zai sayar ya biya kuɗin rajista, sai su dogara da halin malamin da suka tarar, wani ya tausaya, wani ya ce doka doka ce. A 2022 an rufe azuzuwan jami'o'in tarayya daga Fabrairu zuwa Oktoba saboda yajin aiki, wata 8 cur, muka karɓi uzurin, domin an yi mana bayaninsa. Abin da muke nema bai kai wannan ba. A rubuta a littafin jagoran ɗalibai na sashe irin uzurin da ake karɓa, da kwana nawa, da ofishin da za a kai shi, don kada ya zama alfarma.

Shi kuwa yaron nan na aji biyar, gidansu bai fi tafiyar minti goma daga makarantar ba. Da a rana ta biyu ko ta uku na aiki monita ya leƙa, da na san komai kafin Litinin. Ba a umurce ni da haka ba, ni ma ban yi tunaninsa ba. Sunansa ya zauna a rajistata har ƙarshen zango, kullum ina kira ina zana sifili, da aka buɗe sabon littafi na aji shida sai aka tsallake shi.